Ilyasu na Gindin Bedi, Mai Sauraren Tsofaffin Motoci

Da an sallame sallar asuba, Malam Ilyasu ba ya komawa ɗaki. Yakan ɗauki tsintsiya ya share gindin bedin nan, wato dogon yaro, da ke bayan tashar Madawa, ya yayyafa ruwa, sannan ya shimfiɗa wani farin ƙyalle a kan teburinsa na ƙarfe. Bayan haka sai ya wanke hannu da sabulu. Na daɗe ina mamakin wannan, domin duk bakaniken da na sani sai ya tashi aiki yake neman sabulu. Ran da na tambaye shi, ya ce, "Mushe, ƙwayar rairayi guda ta isa ta tsai da mota mai ɗauke da mutum ashirin. Ba ni son ta hito daga hannuna."

Mushe yake ce mini, kamar yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, don na yi shekaru ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Babankatami, kuma duk zuwa da dawowata a tsofaffin motocin da yake gyarawa nake yi. Shekararsa arba'in da ɗaya a gindin bedin nan. Aikinsa karbirato ne, wato ɗan ƙarfen nan da ke gauraya isansi, wato fetur, da iska kafin su shiga inji. Motocin yanzu ba su da shi. Amma tsofaffin Fijo bashe masu rumfar tanti da Landiroba da ke hawa duwatsun Adar, daga Madawa zuwa Buza har Keita, da shi suke numfashi. Da yawa daga cikinsu sun girmi direbobinsu.

Ni ban san komai a kan inji ba, son sani kawai ke kai ni wurinsa. Shi kuwa ba ya gajiya da tambaya. Wata rana ya kwance buji huɗu, wato fulogi, daga wata mota, ya jera a kan farin ƙyallen, ya ce in duba bakinsu.

"Mi ka gani?"

Na ce, "Baƙi ne, kamar gindin tukunya."

"To, tana shan isansi fiye da ƙima, iska ya yi mata kaɗan. In da ka gan shi fari fat, yunwa take ji, kuma inji na iya ƙonewa. Abin da muke bida shi ne launin gyaɗar da anka soya daidai."

Ya mayar da su, ya tayar da motar, ya sa turnabis, wato sukurdireba, a kan wata 'yar ƙusa, ya rufe ido. Yana juyawa kaɗan-kaɗan, ƙarar na sauyawa. Injin da ke rawa yana tari ya fara natsuwa, har ruwan kofin da ya ɗora a kan mota ya daina tsalle. Juyin da ya yi duka bai kai rabin zagaye ba. Na ce masa, "Shi ke nan?" Ya ce shi ke nan, amma sai da ya shekara goma kafin ya san inda ake tsayawa.

Wanda ya fi kowa ba da labarin Malam Ilyasu shi ne Idrisa direba, mai wata bashe shuɗiya da ya gada daga mahaifinsa. Ita ce abincin gidansa. Kowace ranar kasuwar Buza yakan yi lodin mata masu albasa daga Madawa, ya kai su, ya dawo da su. Shekaru shida da suka wuce, motar ta ɓullo da wani hali da ya ɗaure wa kowa kai. Duk mako tana yawo cikin gari lafiya lau. Ranar kasuwa kuwa, da ta kama hawan dutsen nan da ke gab da Buza, sai ta yi tari sau biyu ta mutu. Wuri ɗaya, kusa da wata tsohuwar aduwa. Fasinja su sauka, a sa duwatsu a bayan tayoyi, a yi ta addu'a. Bayan ɗan lokaci a murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba.

Mako na farko aka ce tsautsayi. Da aka yi na huɗu, magana ta bazu a tasha cewa masu aduwar ne ba sa son motar Idrisa. Mata suka fara janye buhunansu. Ranar da ya kamata ya ɗauki mutum goma sha biyar, uku ya samu. Wani mai sayen tsohon ƙarfe har ya zo yana zagaya ta yana ƙwanƙwasa ƙofa.

Idrisa ya kawo ta gindin bedi ransa a ɓace. Malam Ilyasu ya kwance karbiraton, ya baje shi a kan ƙyalle, ya hura kowace 'yar ƙofa da baki, ya ɗaga ta sama ya leƙa haske. Bai ga komai ba. Ranar kasuwa ta zo, mota ta mutu a gindin aduwa. Ya sake kwancewa, ya duba famfon isansi, ya duba wayoyin wuta, ya sauya buji. Ta sake mutuwa. Idrisa ya ce wannan karon ya zo a shirye ya ji an ce masa ya sayi sabon kaza da kaza. Abin da ya ji daban ne.

"Idrisa, ban gane ba. Ba ni sa ka sayen abin da ban tabbata ba. Ran kasuwa ka aje mini wuri, da ni za a tahi."

Ya rufe wurin aikinsa yini guda, ya shiga gaba kusa da direba. Cikin fasinja ukun nan akwai Inna Cima, dattijuwa mai sayar da albasa, wadda ta ƙi barin motar don tun zamanin mahaifin Idrisa take shiga. Ita ta ba ni sauran labarin, tana yi tana dariya.

Ta ce tun daga Madawa bai bar Idrisa ya huta ba. Yaushe ka sha mai? Ka cika tanki ko rabi? Sauran ranaku fa? Idrisa ya ce ranar kasuwa kaɗai yake cikawa fal, sauran ranaku lita biyar-biyar yake zubawa. Malam Ilyasu ya kaɗa kai. Suka kama hawa. Daidai aduwa, mota ta yi tarinta ta mutu.

Kowa ya sauka. Inna Cima ta ɗaga hannu tana addu'a. Ta ce ta zaci bakanike zai ruga ya buɗe gaban mota, sai ta ga ya harɗe hannu ya ce, "Idrisa, yi duk abin da ka saba yi, awa ba ni nan."

Idrisa ya sa duwatsu. Ya leƙa inji. Sannan ya karyo kara, ya zagaya gefe don ya auna isansi, kamar yadda yake yi kullum don ya tabbata bai ƙare ba. Yana murɗe murfin tanki, sai aka ji wani ɗan sauti, fuuu, kamar mutum ya ja numfashi ta hanci.

"Tsaya nan! Wa ya yi maka murhin ga?"

Idrisa ya ce shi ya yi da kansa. Na asalin ya faɗi a hanya watanni biyu da suka wuce, sai ya samo murfin bidon, wato jarka, ya yanka robar taya ya liƙa a ciki, ya toshe tsaf don kada ƙasa ta shiga. Da alfahari ma ya faɗa.

Malam Ilyasu ya yi ta juya murfin a hannu yana murmushi. Ya ce murfin asali yana da 'yar ƙofa da ido ba ya ko lura da ita, ta nan iska ke shiga ya maye gurbin man da inji ya sha. In an toshe ta, tanki kuma cike yake, tafiyar awa ɗaya ta isa ta sa man ya ƙi fita, kamar yadda ruwa ke ƙin zuba daga buta in ka danne bakinta. Hawan dutse kuma shi ne inda inji ya fi bukatar mai. Duk ranar da Idrisa ya buɗe don ya auna, shi ke ba ta iska bai sani ba.

Ya juya ga Inna Cima. "Inna, kina da basilla?"

Ta kwance bakin zane ta miƙa masa basillar da take ɗinke buhu da ita. Ya gasa tsininta da ashana, ya huda murfin. Mota ta haye dutsen, ta kai Buza, ta dawo. Har yau tana kan hanyar. Inna Cima ta ce da suka sauka ta tambaye shi, "To, addu'armu fa, Malam?" Ya ce, "Ita tak kawo ni, Inna."

Malam Ilyasu, kai ne ka ce ban gane ba a gaban mutane, ba ka ji nauyin faɗa ba, sannan ka bar aikinka ka bi mota har kan dutse don ka gane. Kai ne ka hana a sare bashe shuɗiya a auna ta a sikeli. Matan da suka koma motar Idrisa da buhunansu ba duka suka san sunanka ba, Ilyasu na gindin bedi, amma albasarsu ta kai kasuwa kafin rana ta dafa ta.

Bana Malam Ilyasu ya sanar da direbobi cewa da an gama girbi zai ajiye aiki. Shi da kansa ya faɗi dalili: kunnensa na hagu ya mutu, na dama ma ya fara nauyi. Shekara biyu ke nan yana wata dabara. Yakan ɗora tsinin dogon turnabis a kan inji, ya kafa ƙotar a ƙashin haɓarsa, ya ji motsin ta cikin ƙashi. Ya ba ni na gwada, na ji haƙorana na kaɗawa kawai. Direbobi sun roƙe shi ya ci gaba a haka, sun ce rabin kunnensa ya fi kunnuwan wasu biyu. Ya ƙi. Ya ce mota mai hawa dutse da mutane ba a yi mata kame-kame.

Da na gaya masa zan rubuta wannan, ya tambaye ni me da me zan sa. Na lissafa masa. Ya tashi ya shiga rumfa, ya fito da wani gwangwanin madara, ya zazzage shi a gabana. Tsohon karbirato ne, an wanke shi tas, yana ƙanshin kananzir.

"Ka sa wanga ma. Na wata Landiroba ne daga Keita. Shekara sha tara ke nan. Da sahe lahiya, da rana lahiya, in ta yi kwana zuwa hagu sai ta shaƙe. Na yi wata ukku a kanta, ta kada ni. Mai ita ya gaji ya sa wani, ni kuwa nar roƙi wanga."

Na ce, "Malam, ai motar ma ƙila ba ta duniya."

Ya ce, "Ba ta. Amma ni ina son in sani."

Duk lokacin da aiki ya yi sauƙi yakan kwance shi, ya mayar. Ya ce akwai abu biyu da bai gwada ba tukuna, kuma yanzu zai samu lokaci.

Malam Ilyasu, mun gode. Mu da muka je aiki muka dawo gida a motocin da ka saurara, da direbobin da ka ce wa kada su sayi abin da ba sa bukata, duk mun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya sa hutun nan ya yi maka daɗi, ya saka maka da mafificin alheri.

Ku kuma masu sana'a, ko allura kuke riƙewa ko alli ko guduma, ku koyi faɗin ban gane ba, ku kuma koyi tashi ku bi abin har inda yake. Kafin a gama girbi, duk wanda hanya ta biyo da shi Madawa ya ratsa bayan tasha ya gaishe shi, ya ɗaga murya kaɗan, ya tsaya ta gefen dama. In kuwa cikinku akwai wanda ya san abin da ke shaƙe Landiroba a kwanar hagu, don Allah kada ya aika saƙo. Ya je da kansa, dattijon na da tambayoyi.