Takalmi Ƙafa Ɗaya a Tashar Kawo

Ilham, gyara zama ki rubuta. Yadda na faɗa haka za ki sa, kada ki yi mini gyaran makaranta.

Mutumin da nake so ki rubuta sunansa Sanda, Sanda shumeka. Mutumin Ƙaura ne, can ƙasar Zamfara. Ni kuwa, Jibrin kakanki, daga Gwarzo na zo. Mun haɗu a bakin tashar Kawo muna samari, shi yana gyaran takalma a gindin dalbejiya, ni ina sayar wa matafiya igiya da buhu. Shekara arba'in da 'yan kai muna zaune a inuwa ɗaya. Idan rana ta juya mu juya tare. Ban taɓa jin ya yi tsaki ba sai in zare ya tsinke.

Sanda ba ya kallon fuskar mutum. Ƙafa yake kallo. Ya ce fuska tana ƙarya, takalmi bai iya ba. Kuma yana da wata ɗabi'a da duk Kawo aka san shi da ita: in lokacin biki ya zo, duk wanda ya miƙo masa takalmi, ya san shi ko bai san shi ba, sai ya gaishe shi da bikinsa. Musulmi ya ce masa barka da Sallah, Kirista ya ce masa barka da Kirsimeti. Da ƙarfi yake faɗa, don muryarsa ba ta da ƙarama.

Na tambaye shi yadda yake ganewa. Ya ce, "Jibo, ai abin a fili yake. Mai cire takalmi sau biyar a rana, bayan takalminsa a take yake, ya kwanta. Wanda ba ya cirewa sai dare, bayan nasa a tsaye yake kamar soja."

Sau ɗaya na ga an musa masa. Wani mai babbar riga ya ba shi sau-ciki a goge, a watan Kirsimeti. Sanda ya juya takalmin ya ce, "Barka da Kirsimeti, ranka ya daɗe."

Mutumin ya ce, "Kai, ka san da wa kake magana? Ni Alhaji ne, sau biyu!"

Sanda ya ce, "To Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri. Takalminka ne bai sani ba."

Direbobi suka yi ta dariya har mutumin ya tafi da ƙafa ɗaya a goge ɗaya ba a goge ba. Wannan a da ke nan, lokacin da Kirista da Musulmi suke haya gida ɗaya a Kawo, ana aiko mana da cincin mu aika da naman layya.

Sai rikici ya zo. Ba a haife ki ba, kuma ba zan ba ki labarinsa yau ba. Abin da za ki rubuta shi ne, bayan an yi na farko an yi na biyu, gari ya rabu. Kiristocin da muka sani suka kwashe suka koma tsallaken kogi, Musulmin can suka dawo nan. Gada ta zama iyaka. Kuma a kwanakin rikicin, mutanen da suke tare hanya abu ɗaya suke so su gane a jikin baƙo, shi ne abin da Sanda yake ganewa kyauta.

Wata ɗaya bayan na biyun, ana saura kwana biyu Kirsimeti, wata mata ta sauko daga motar Zariya. Ta lulluɓe da mayafi har goshi kamar matar liman. Dunduniyar takalminta ta ɓalle, tana ɗingishi. Ta zo ta yi sallama, sallama mai kyau, ta cire na hagu ta miƙa masa, ta tsaya da ƙafa ɗaya tana dafe da itace.

Sanda bai ga mayafi ba. Takalmi ya gani. Ya buɗe murya ya ce, "Madam, barka da Kirsimeti!"

Tashar ta yi tsit. 'Yan kamasho suka waiwayo, mai shayi ya tsaya da moɗa a sama. Ba wanda ya yi niyyar komai, ni shaida ne, waiwaye kawai aka yi. Amma ita ba ta san haka ba. Ta dubi Sanda, ta dubi mutane, sai ta kwasa da gudu, ƙafa ɗaya takalmi ƙafa ɗaya ƙasa. Ta faɗa wata bas da ta riga ta tashi, kwandasta ya ja ƙofa.

Sanda ya ce, "Mi ya faru? Ba ta jira aikinta ba."

Na ce, "Sanda, matar nan ta sa mayafi ne don ta wuce Kawo ba a gane ta ba. Kai kuma ka yi mata shela."

Ya ce, "Amma ai ban yi kuskure ba."

Na ce, "Ai shi ne matsalar."

Ya ɗauki basilla ya gyara dunduniyar, ya goge takalmin har yana ƙyalli, ya buga ƙusa a jikin dalbejiya ya rataye shi. Ya ce gobe za ta dawo. Baƙin takalmi ne, na fata, irin na ma'aikata.

Ba ta dawo ba. Daga ranar kuma Sanda bai sake gaida baƙo da bikinsa ba. Ko ranar Sallah, ka zo da sabuwar shadda da hula, sai dai ya ce maka sannu da zuwa. Mutane suka yi ta ba shi fatawa. Malam Mansur, wanda yake jan mu salla a masallacin tasha, ya ce dama can bai kamata ba. Dauda direba ya ce gaisuwa ce kawai, ba ta ci ba ta sha. Suka kwana biyu suna musu a kansa, a gabansa, kowa da malaminsa. Da suka gaji suka ce masa kai me ka ce? Ya ce, "Ni takalmin mutane ke hannuna."

Abin da ya dame shi ke nan. Amana ce, kuma mai ita ta tafi tana zaton ya nuna ta ne don a taɓa ta. Kullum da safe ya rataye takalmin, da yamma ya sa a akwati. Duk Juma'a ya goge. Matarsa Kaltume ta ce ko ita ba ta samu wannan kulawar ba. Har ya zama alamar kwatance: in za a aiko yaro daga Kano sai a ce a sauke shi wajen mai takalmi ɗaya.

Shekara ashirin da ɗaya yana rataye.

Bara, yanar ido ta kama Sanda, ba ya iya zura zare. 'Ya'yansa suka ce bayan Babbar Sallah zai koma Ƙaura ya huta. Washegarin Sallah ya zo gidana da leda a hannu. Ya ce, "Jibo, raka ni Sabon Tasha."

Na ce, "Sabon Tasha ta tsallaken kogi? Wa ka sani a can?"

Ya ce, "Zakari."

Zakari shumeka ne shi ma, Kirista, a Kawo yake zama kafin rikici. Sanda ya fito da takalmin ya nuna mini wani tsohon ɗinki a gefe. Ya ce, "Wannan hannun Zakari ne. Shi kaɗai ke ƙulla zare sau biyu a ƙarshe. Kuma akwai alli a cikin ɗinkin, malamar makaranta ce."

Na ce, "Yaushe ka gane?"

Ya ce, "Tun ranar."

Na ce, "Shekara ashirin da ɗaya ka san hanya, ka zauna kana goge-goge?"

Ya ce, "Kai sau nawa ka tsallaka gadar?"

Tun rikicin, ko sau ɗaya ban tsallaka ba. Rubuta haka. Matasa suna tsallakawa kullum, aiki, kasuwa, biki. Mu da muka ga abin da muka gani, ƙafarmu ta tsaya a Babbar Kasuwa.

Muka yi shiri. Muka cire huluna muka sa a aljihu. Na ari riga mai maɓalli da wando wajen babanki, Sanda ya sa wata tsohuwar kwat da wani ya taɓa mantawa a tasha. Kakarki ta dube mu ta ce mun yi kama da 'yan fansho da aka kora daga layi. A mota muka yi alkawari ba mai cewa komai. Sanda ya yi atishawa a kan gada ya ce alhamdulillahi da muryar nan tasa.

Muna sauka a Sabon Tasha, ko taku goma ba mu yi ba, wata mai gasa masara ta ɗaga murya ta ce, "Baba Alhaji! Barka da Sallah!"

Mutum biyu suka waiwayo. Sanda ya damƙi hannuna har yau wurin yana mini ciwo in an yi ruwa. Da ina da gwiwar gudu da na bar musu takalmi biyu, ba ɗaya ba.

Matar ta ce, "Ah ah, Baba, ba ku amsawa? Ina namana na Sallah?"

Nama take so. Na ce mata barka kadai, an riga an rabar. Ta ce to badi kada a manta da ita. Ita ce ma ta nuna mana rumfar Zakari.

Muna tafiya Sanda ya ce, a hankali, karo na farko da na ji muryarsa ta yi ƙasa, "Ashe haka ake ji."

Zakari ya tsufa, haƙori biyu suka rage masa. Ya rungume mu ya ce wa ya mutu muka sa kwat? Da ya ga takalmin ya ji labari, sai ya zauna ya riƙe ciki don dariya. Ya ce, "Sanda, kai ne? Kai ne mutumin Kawo? Malama Uwani ta ba da labarinka a rumfar nan ya fi sau ɗari. A labarinta kana da jajayen idanu da tsawo kamar falwaya."

Ya rufe rumfa ya kai mu. Gida ne mai bishiyar gwaiba a tsakar gida. Malama Uwani ta fito da tabarau, ta yi furfura, ta bar koyarwa. Zakari ya ce, "Malama, ga dodonki na kawo miki."

Sanda ya durƙusa, da ƙyar, ya ajiye takalmin a gabanta. Ya ce, "Malama, aikinki. An gama."

Ta dubi takalmin. Ta ce, "Ɗan'uwansa yana cikin kogi. Ta tagar bas na jefa shi a kan gada."

Sanda ya ce, "Da kin sani, fata ce mai kyau."

Ta ce, "Baba, ranar nan na zaci ka nuna ni ne. Wata uku ban yi barcin kirki ba. Har yau in zan je Zariya ba na sauka a Kawo."

Ya ce, "Gaisuwa ce, Malama. Wallahi gaisuwa ce. Ban san ta canza ba, ba wanda ya gaya mini."

Ta tambaye shi yadda ya gane ta, duk da mayafin da ta aro. Ya gaya mata maganar bayan takalmi. Ta sauke tabarau ta dubi ƙafafunmu. Mu duka biyu mun take bayan namu, sun kwanta kamar kunnen akuya. Ta ce, "To ku wa kuke ɓoye wa da wannan kwat ɗin?"

Ta sa aka kawo mana ruwa da gwaiba. Ta ce mana barka da Sallah, muka amsa. Da za mu tashi Sanda ya ce, "Malama, in kin yarda, ina so in sake faɗa. Waccan ba ki amsa ba."

Ta ce, "Baba, Kirsimeti saura wata shida."

Ya ce, "Ban san ko zan kai ba."

Ta ce to faɗi. Ya faɗa, ƙasa-ƙasa, kamar mai gaida mara lafiya. Ta ce, "Barka kadai, Baba. Na gode." Ta ɗauki takalmin ta shiga da shi ɗaki. A hanyar dawowa muka sa hulunanmu tun kafin gada, don rana.

Ya koma Ƙaura. Bai kai ba kuwa, ana girbin gero ya rasu. Allah ya jiƙansa. Rubuta amin.

Saura kwana biyu Kirsimeti ina zaune wajen igiyata, sai ga Malama Uwani ta sauko daga keke, ba mayafi, ɗankwali kawai, da roba cike da cincin. Ta ce ina Baba mai takalmi? Na gaya mata. Ta tsaya tana kallon ƙusar da ke jikin dalbejiya, don ba wanda ya cire ta. Sannan ta miƙo mini robar.

Na ga ba daɗi ta tafi haka. Na duba hagu na duba dama, na ce a hankali, "Malama, barka da Kirsimeti."

Ta ce, "Na'am?"

Na sake faɗa. Ta matso ta ce, "Baba, ɗaga murya, kunnen nan ya yi nauyi."

Sai da na faɗa irin faɗar Sanda, har mai shayi na can ƙarshen tasha ya ji. Ba wanda ya waiwayo. Kowa yana danna waya.

Cincin ɗin ni na cinye, da shayi, kwana huɗu. Wannan kada ki karanta wa kakarki, na ce mata direbobi ne suka raba.