Awarwaron Maƙwabciyata a Makka

Ko na tsufa na fara mance sunayen jikokina, ba zan mance abin da aka yi mini a Makka ba. Har yau in na tuna, sai na ji zuciyata tana tafasa.

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, Allah ya kira ni aikin hajji, kawuna ne muharramina. Maƙwabciyata a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, wadda mijinta ya rasu, ta kawo mini sautu: awarwaron zinarin da ta gada, in canzo mata shi da sarƙar auren 'yarta. Ba ta da wata kadara bayan shi. Na sa shi a lalita, na ɗaure a ƙugu, ko wanka ba na kwancewa.

A Makka wani mutum ya ji maganarmu ya tsaya. "Kai, mutanen Kabi na! Ya kunka baro Argungu? Ruwa ya cika Matan Fada bana?" Nan da nan kawu ya narke. Mutumin ya riƙa kawo mana tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, kawu yana ci yana sa masa albarka.

Ranar da za mu ɗawafi, mutumin ya ce ɓarayi na yanke lalita da reza cikin cunkoso, gara in bar tawa a ɗakinsa. Na ce ban yarda ba.

"Ke, mi kika sani?" in ji kawu. "Ɗan gida na. Ba ki ji bakinai ba? Kwance ki ba shi!"

Yaya zan yi da ƙanen uwa a gaban mutane? Na kwance na ba mutumin.

Da muka dawo, ɗaki a buɗe, ko tabarma babu. Ashe haka yake yi wa mutanen kowane gari, yana tsintar sunayen unguwanninsu daga bakin alhazai. Kawu kuwa ya shafa gemu ya ce, "Ƙaddara ta." Ƙaddara! Shi da bai yi asarar ko allura ba! Wallahi wannan kalmar ta fi satar ƙona mini rai.

Ranar da muka sauka Birnin Kebbi, maƙwabciyata ta shigo da fara'a. "Hajiya, sannu da hanya. Ina saƙona?" Kawu ya tuna yana da gonar albasa da zai duba. Ni kaɗai na tsaya na yi bayani, sannan na cire 'yan kunnena na zinari na sa mata a hannu. Ta karɓa, ta dube ni, ba ta ce na yi ƙarya ba, ba ta kuma ce ta yarda ba. Har ta bar duniya ba ta sake ba ni sautu ba, ko na daddawa.

Abin da na koya shi ne, a ƙasar wasu, jin harshen garinku a bakin mutum ba shaida ba ne. Amanar da aka ɗaura maka kuwa, ko wa ya ce ka kwance, kada ka kwance, don ran tambaya kai kaɗai za a tarar.