Makon da na saya a amalanken jaki

Abubuwa da yawa na shekarun fari sun fita a raina, wasu ma ni na bar su suka tafi. Amma makon da na saya a cikin wani amalanken jaki, wannan kam yana tare da ni har ranar da zan koma ga Allah.

Lokacin sojoji ke riƙe da ƙasa. Damina ta ƙi mu, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Maigidana ya bi sauran maza kudu neman abin da zai aiko, ya bar ni da yara a ƙauyenmu, can gefen Maijirgi. Rijiyar gari ta ja baya, sai an yi tafiya mai nisa kafin a samu ruwan kirki. Motocin hatsin taimako kuma ba sa iya ratsa rairayinmu, a bakin babbar hanya suke sauke buhuna. Saboda haka mai amalanke ba ya kwana da yunwa. Ya ɗebo ruwa a tano, wato babbar gangar ƙarfe, ya sayar, ya ɗauko wa mutane buhunansu a sam masa ɗan awo.

A unguwarmu akwai amalanke guda da mutum uku suka haɗu suka saya tun ana ƙoshi: wani tsohon maƙeri, wani mai saran itace, da wani saurayi mai tallar goro. Kowa da makonsa. In naka ya zo, jaki da amalanke da tano suna hannunka, ka yi aikinka, ka ciyar da dabba, ka miƙa wa na gaba.

Wata safiya mai goron ya yi sallama, ya durƙusa daga bakin zaure.

"Yaya, tafiya za ni yi, kuma ban son makona ya faɗa hannun bare. Ke na tuna, ke da ɗiyan nan."

Ya kai ni ƙofar maƙera inda amalanken yake. Na duba ƙafafunsa, na ƙwanƙwasa tano na ji ba ya yoyo. Na ce ina jakin? Ya ce Baba maƙeri ya kai shi shan ruwa.

"Ai kin san shi, Yaya. Mai kukan nan da ke riga ladan tashi."

Na yi dariya, don na san shi. Abin da bai zo mini ba shi ne na daɗe ban ji kukan ba.

Ni a duniya ban taɓa sayen abin da ya wuce akuya ba. Akuya kuwa in ka biya ka ja igiyarta gida, magana ta ƙare. Haka na ɗauki wannan ma. Na sayar da tasoshin aurena da tunkiya ɗaya da ta rage mini, na biya shi gaban shaidu. Ban je na gai da maƙeri ba, ban nemi mai itace ba. A ganina me ya haɗa ni da su? Makona daban, nasu daban.

Ranar da makona ya kama, maƙerin da kansa ya kawo mini kayan. Na dubi jakin. Haƙarƙarinsa duk a waje, bayansa ya goge ya yi gyambo, kansa a ƙasa kamar ya yi laifi.

"Ɗiyata, yaron ya faɗa miki doka?"

"Wace doka, Baba?"

"Wanda jaki ya mutu a hannunshi, shi ke sayen wani."

Ya ce sun kafa ta ne tun farko don kada wani ya dinga jibgar dabbar yana cewa ai ba tasa ba ce shi kaɗai. A lokacin ƙoshi doka ce mai kyau. Amma da ciyawa ta ƙare, sai ta zama kowa ya ci moriyar jaki iyakar iyawarsa, ya ba shi abin da zai riƙe numfashinsa kawai, ya tura wa na gaba. Na ja mayafi na nufi gidan su mai goro. Uwarsa ta ce ya hau mota tun jiya.

Na ce bari dai in gwada ko sau ɗaya. Na ɗaura shi, muka kama hanyar rijiya da tano babu komai a ciki. Ba mu yi nisa ba, inda rairayi ya yi zurfi, ya durƙusa. Ban doke shi ba, roƙonsa na yi ta yi kamar mutum. Da ya miƙe na kwance shi, na jawo shi gida a hankali, amalanken kuwa sai da na nemi maƙwabta suka turo mini.

Wannan makon ban san zama ba. In na ɗora tukunya sai in leƙa in ga ko yana tsaye. In na tayar da salla kunnena na wajensa. Na bi gindin gawo ina tsintar 'ya'yan da awaki suka rage. Na yaye rufin rumbunmu, tunda babu ko zangarniya a ciki, na sassare tsohuwar ciyawar na jiƙa masa. Dusar da nake gauraya wa yara a tuwo ita na dinga rabawa da shi, ina yi ina kawar da kai kada mu haɗa ido da su. Matan unguwa suka samu abin yi.

"Ina kwanan mai jego? Ya jinjiri, ya sha kunu?"

"Wasu sun sayi amalanke su hau, ita ta sayi wanda za ta goya."

Nakan yi murmushi in ce da sauƙi. In ya mutu a gidana, ba ni da sauran abin sayarwa sai gonar maigida, shi kuma ba ya nan.

Allah ya sa makon ya cika yana da rai, har ya fara ɗaga kai. Mai itace ya zo karɓa. Ya zagaya shi ya ce, "Madalla, kin yi mini kiwo." Na riƙe igiyar na gaya masa gaskiya, cewa jakin ya durƙusa da tano babu ruwa, kada ya yi masa lodi.

"Uwar gida, ni ma ɗiya gare ni. In ban kai itace Tasawa ba, ke za ki ba su tuwo?"

Na sake masa igiyar.

Kafin makonsa ya ƙare aka ga mai itace ya shigo gari da rana tsaka, ya shiga tsakanin sandunan amalanke yana ja da kansa. Kowa ya gane jakin ya mutu. Maƙeri ya aiko kirana. Na tarar da mai itace zaune a ƙasa, leɓensa ya bushe, igiyar na hannunsa.

Maƙeri ya ce, "To, doka dai kun san ta."

Na tsira ke nan, ba ni zan biya ba. Amma na duba na ga ko an matse mutumin nan babu jakin da zai fito daga jikinsa. Ni da ba na iya magana gaban maza, sai na ji bakina ya buɗe.

"Baba, jakin nan tun kafin in saya ya fara mutuwa. A hannun kowa ya mutu."

"Ke baƙuwa ce a cikin tarayyar nan, ɗiyata."

"Haka ne, Baba. Amma rufin rumbuna na cikin cikinshi."

Tsohon ya jujjuya garwashi. Can ya ce a bar maganar, shi ma ya san abin da ya ba dabbar a makonsa.

Amalanken ya zauna a ƙofar maƙera har ruwa ya sauka. Sai bayan kaka, da maigidana ya dawo, gidajen uku suka haɗu aka sayi wani jaki. Kafin a ɗaura masa igiya muka zauna muka yanke cewa abincinsa a wuri ɗaya za a tara, in kuma ya faɗi, asarar ta kowa ce.

Daga baya na shiga karatun yaƙi da jahilci, na iya karanta takardar ciniki. Amma abin da ya same ni babu takardar da za ta nuna shi. Duk ɗana da ya zo mini da zancen sayen rabon wani a cikin abin tarayya, nakan ce kada ya tsaya duban kaya. Ya je ya zauna da waɗanda zai tarar a ciki, ya ji yadda suke yi ranar asara, sannan ya tambaye su abin da ya sa mai fita yake sauri.