Ciwon hantata da haƙoran Balkisa

Na ga saƙonninku. Wasu sun ce girman kai ya shige ni, wasu sun ce na koma Yamai ban yi sallama ba. Ba ko ɗaya. Kwance nake.

Ga wanda bai san ni ba, aikina daidaita haƙora ne. Ina liƙa ƙananan ƙarafa, in zura waya, duk wata in ƙara matse ta har haƙora su hau layi. Aikin shekara biyu ne ko fiye, kuma ba a barinsa a tsakiya. Kabine ɗina, wato ɗakin aikina, yana Tasawa, amma har daga Mayahi ake kawo mini yara.

Wata rana bakin waya ya huda safar hannuna ya soke ni a yatsa, da jinin mai haƙorin a jikinta. Na wanke, na sake safa, na ci gaba.

Bayan ƴan watanni gajiya ta kama ni. Ƙamshin suya yana tayar mini da zuciya. Aka ce palu ce, zazzaɓin cizon sauro, na sha magani, ba sauƙi.

Balkisa ce ta fara gani, wata ɗalibar lise, babbar sakandare, daga Mayahi da saura kaɗan in cire mata ƙarfe. Tana kwance a kujera, fuskata a saman tata, ta ce, "Tanti, idonki ya yi ruwan ɗorawa."

A Maraɗi aka ɗebi jini. Likitan ya ce, "Ke ma ta gida ce, ba sai na yi zagaye ba. Epatit B ce, ciwon hanta. Yawancin manya jikinsu yana korar ta, wasu kuma ta zauna musu. Sai bayan wata shida za mu sani."

Ƙarin ruwan serom, hutu, analiz na jini, sai kuma analiz. Abin da na tara don sayen sabuwar kujera nan ya tafi. Tsorona ɗaya: idan ta zauna, wa zai sake buɗe mini bakin ɗiyarsa?

Inna ta zo daga Koona da jarkar jiƙo, ta ce shawara ce, tun kakanni shi ake sha. Likita ya hana. Kullum ina karɓa in yi godiya, in zuba wa dogon yaron tsakar gida.

Da farko gida ya cika da ƴan dubiya. Wata gwaggona ta gama yi mini sannu, ta wangame baki ta nuna mini turmin da ke damunta. Na duba mata. Ina kwance.

Sai sunan ciwon ya fita gari. Dubiya ta koma ta waya. Aka ware mini kofi da cokali. Madam Rahila kaɗai, maƙwabciyata, tsohuwar infirmiya mai jinya a asibiti, take biyowa daga coci ta sa hannu a kwanona, tana cewa miyata ba gishiri.

Na kira iyayen yaran da nake wa aiki ɗaya bayan ɗaya. Na ce kada a taɓa komai, abokin aikina zai riƙa zuwa daga Maraɗi yana duba su. Hajiya, uwar Balkisa, ta ce to, Allah Ya ba ni lafiya.

Ashe an faɗa mata ciwon yana manne a ƙarfen da hannuna ya taɓa. Ranar kasuwa ta kai yarinyar wajen maƙerin zobe, ya ɓamɓare ƙarafan da awartaki. Ita Balkisa ba ta ɗauki komai daga gare ni ba, an gwada ta daga baya. Amma haƙoranta biyu na gaba sun gutsure.

Wannan labari ya fi aman da nake yi ciwo.

Analiz na ƙarshe ya fito fes. Likitan ya ce na warke, in koma aiki. Na koma na tarar da benci ba kowa. Wasu sun dawo sannu a hankali, wasu har yau suna gaishe ni daga nesa.

Baban Balkisa ne ya kawo ta. Tana magana da gefen hijabi a baki. Haƙoran sun fara komawa inda na same su. Hajiya ta aiko gaisuwa, tare da tambayar ko zan yi rangwame, tunda ciwona ne ya jawo.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna, da Madam Rahila, da abokin aikina da ya riƙe mini yara bai nemi komai ba.

Ku je a gwada jininku, ku yi allurar rigakafin epatit B. Ni ban yi ba, kun ga abin da ya biyo. Idan ido ya sauya launi, a je likita kafin a jiƙa saiwa. Ba a ɗaukar ciwon nan ta kofi ko ta gaisuwa. Ƙarfen haƙori kuma, wanda ya san sawa shi ya san cirewa.

Ni da Balkisa mun sake farawa daga farko. Layin zai dawo. Wurin da ya gutsure zan cike mata, amma na faɗa mata gaskiya, haƙori ba ya tsirowa.