Buhu Huɗu na Ƙyalle

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki ina aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, muna zaune a unguwar Boukoki cikin ɗaki biyu da ƴar rumfa. Baba malamin asibiti ne. Inna kuwa ɗinkin hannu take yi: ta harhaɗa guntayen atamfa, ta yi musu shafi da tsohon zane, su zama bargo. Ta yi wa kowa a gidan, ta yi wa matan majami'armu da suka haihu. Guntayen suna cikin buhu huɗu a ɗakin da nake kwana da ƙannena mata biyu. Ko ƙyallen da bai kai tafin hannu ba, sai Inna ta ce yana da ranarsa.

Abin da Baba bai sani ba shi ne idon Inna ya daina ganin kafar allura. Ni na fara lura. Sai ta tsotsi bakin zare, ta kai shi, ya wuce ta gefe, ta sake tsotsa. Ran nan ta kama ni ina kallo.

"Zo ki gwada naki idon," ta ce. Da na zura, sai ta riƙe mini hannu. "Kada babanki ya ji. In ya ji zai kwashe alluran, ya ce in huta. In huta in yi me?"

Daga nan ya zama aikina. Baba da sassafe yake fita, don a lokacin kowa na tsoron makara, ana cewa soja na iya faɗowa wurin aiki ba sallama. Yana fita sai in zura wa allura goma zare, in soke su a jere a bayan labule, sannan in ɗauki jakata. Ranar Alhamis, da ba mu da lakwal, a gefenta nake yini ina zaɓo mata kala, don baƙi da shuɗi sun zama ɗaya a wurinta. Ƴan ajinmu kuwa Goudel suke zuwa, lambun kakan ɗaya daga cikinsu, a bakin kogi. Sukan tsaya a ƙofa su kira ni. Inna ta amsa daga ciki, "Tana aiki!" Ran Juma'a su yi ta labarin yadda ruwa ya janye har ana taka yashi a inda kwale-kwale ke bi da. Ban taɓa gani ba.

Sai saƙo ya zo daga Dogon Dutsi. Gero bai yi ba, awaki sun ƙare, Gwaggo, yayar Baba, tana tafe da ƴaƴa huɗu.

Ran Asabar da rana Baba ya naɗe hannun riga ya shiga fitar da kaya. Kujera mai ƙafa uku, tsofaffin kwanoni, tayar keke, littattafanmu na ajin baya, duk suka taru a tsakar gida. Inna har tukunyar da ta zo da ita daga gidansu ta miƙa. Sai ya iso kan buhunan.

"Uwar yara, tsummokaran nan fa?"

"Ba tsumma ba ne."

"Mutum biyar za su ƙaru a ɗakin nan. A kan buhu za su hau kamar kaji?"

"Kaji ma ai an san da akurkinsu."

Baba ya yi dariya kaɗan, amma bai saki bakin buhun ba. Ya jawo bargon da take kai, ya ware shi. "Wannan tun bara yake rabi. A da cikin wata biyu kike gama ɗaya. Kin gaji da abin ne, kunyar faɗa kike ji." Sai ya juyo gare ni. "Ke da kike manne da ita kullum, gaya mini gaskiya. Me ya tsayar da ɗinkin nan?"

Ba kasafai ake tambayata komai ba a gidanmu. Kalma ɗaya ce, ido, kuma buhunan za su bi kujerar, Alhamis ta zama tawa. Na so in faɗa, ba zan ɓoye ba. Na dubi Inna. Tana murza babban yatsanta a kan manuniya, wurin da allura ta yi mata kanta. Ni take kallo, amma idonta ya ɗan kauce, ya sauka kusa da kunnena.

"Ni take koya wa, Baba," na ce. "Ni ce ba ni da sauri."

Fuskarsa ta washe. "Ashe! Shi ne ba ku faɗa ba?" Ya ninke bargon ya ɗora mini a hannu. "To, ke za ki ƙarasa shi, ƴaƴan gwaggonki su samu na rufa kafin sanyi. Buhu biyu su tafi, biyu su zauna, ku zaɓa. Asabar da yamma ma ai ba abin da kike yi."

Har la'asar muna zaɓe. Inna da yatsa take gane ƙyalle, ta ce wannan na rigar bikinta ne, wannan na goyona. Ni ce mai faɗa mata wanda ya koɗe. Buhu biyun da suka tsira aka jera su a jikin bango, aka matso da tabarmata kusa da su.

Gwaggo ta iso bayan kwana uku, ƙafafunta duk faso, yaranta ba mai magana. Ta tarar da ni a rumfa da allura, ta ce wa Inna, "Matarmu, kin yi dabara, kin haifi mai yi miki aiki." Inna ta yi dariya, ta tura mini wani ƙyalle.

Ban iya ɗinki ba a lokacin, dole na koya, don duk Lahadi bayan majami'a Baba yakan auna bargon da taƙinsa ya ga nawa ya ƙaru. Inna takan bi ɗinkina da farce, inda ta ji ya saki ta sa in warware. Na gama shi ana gab da sanyi. Na kai mata, ta shafa shi daga wannan gefe zuwa wancan, ta ce ba laifi. Sannan ta ce in jawo mata buhu na biyu, yara huɗu ba za su shiga bargo ɗaya ba.