Jakin da Sabon Littafi Ya Manta

A Kuki, inda na tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kuma zama ta yi hira da shi. Da wannan kunyar aka kawo ni Dutsin-Ma, da ita na raini nawa. Har ya girma ya fara koyarwa a wata makaranta a Kurfi, in ina so ya ci abinci sai in ce wa autata, "Gaya wa wancan tuwo na hucewa." Shi kuma ya amsa yana kallon bango.

Wani hutu ya dawo gida da wani tsohon littafin Turanci da ƙwayoyi irin na ludo, amma masu fuska da yawa. Wasa ne mai kama da tatsuniya, sai dai kowa yana da mutuminsa a cikin labarin. Mutum ɗaya shi ne mai labari: ya faɗi abin da ke gabanku, ke ki faɗi abin da za ki yi, a jefa ƙwaya a ga ko kin dace. Malam, maigidana, ya tsaya a kansu ya tambaya ko ana zuba kuɗi. Aka ce a'a. Ya ce to, wahala ce kawai, ya wuce masallaci.

Ɗan farin shi ne mai labari. Ƙaninsa ya zama jarumi mai takobi, auta ta zama mai siddabaru. Shi kuwa littafin nan ba shi da tausayi. Yana so ya san guzurinku, da ruwanku, da nauyin kayanku. Ina daga bakin murhu ina jin jaruman nan suna mutuwa da ƙishirwa tun ba su ga ko wutsiyar dodon da suka fita nema ba. Da dariyata ta yi yawa, auta ta ce, "To Inna, zo ki riƙe mana jaki mana."

Na je. Da rubutuna na ajin yaƙi da jahilci na rubuta gero, gishiri, igiya. Muka isa wata rijiya a cikin labarin, sai na ji bakina ya ce, "Mai labari, akwai guga?"

"Babu, Mai jaki," in ji shi, yana dubana.

Ai ba da ɗana nake magana ba, da mai labari nake yi. Daga ranar, duk Asabar ɗin da ya zo, bayan La'asar sai mu shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya in yi ta tambaya. Ciyawar nan jaki zai iya ci? Hadarin can namu ne? A nan na gane in zai yi dariya hancinsa ke fara motsi, kamar na mahaifina. Wata rana har na ce, "Mai labari, a ƙasar nan taku masu labari ba sa cin abinci ne? Na ga wuyanka." Ya ce a Kurfi mai labari shi ke dafa wa kansa. Da zai koma na sa auta ta kai masa yaji da kuka.

Ana nan sai ƙanin ya samo sabon bugun littafin a waya. Ya ce waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun gyara kurakuransu. Na saurari gyaran. A tsohon, in an sare ka sai ka yi jinya har ka gaji da kwanciya. A sabon, ka yi barci ka tashi garau, ko karaya ce. A tsohon, kowa talaka yake farawa, da sanda da tsumma. A sabon, kowa da baiwarsa aka haife shi, babu ɗan talaka sai ɗan wane. Dodon ma an ce yanzu ba mugu ba ne, yana da dalilansa, ya kamata a fara jin ta bakinsa kafin ya cinye ka. Yunwa kuwa an soke ta. Kaya duk yawansu jaka ɗaya ke ɗauka. Tafiyar wata guda, mai labari zai ce "kun isa," shi ke nan kun isa.

Na ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa zuwa kasuwar Wurma da damina ba.

"Inna, ci gaba ke nan," in ji ƙanin. "Wa zai ɓata yammacinsa yana auna gero? Ke ma an ɗaga darajarki. Yanzu wuta za ki riƙa jefawa da hannu."

"Jakin fa?"

"Babu jaki a sabon."

Muka gwada. Gaskiya wasan ya yi sauri, yaran kuma sun ji daɗi. In aka ce in jefa ƙwaya in jefa, wuta ta tashi, wani abu ya ƙone. Amma babu rijiya, babu hadari, babu abin da zan tambaya. Har muka tashi ban ce wa mai labari uffan ba. Asabar ta gaba na ce wa auta, "Gaya wa wancan ku yi wasanku, ni bayana ke ciwo." Me zan ce? In ce a dawo da yunwa don in samu bakin magana da ɗana?

Suka zauna su uku. Ni ina ƙofar ɗaki da faifai ina tsince wake. Sai na ji ɗan farin ya ɗaga murya fiye da yadda ya saba.

"Kun fito daga gari. A bakin rafi jaki ya toge."

"Yaya, babu jaki a littafin nan," in ji ƙanin.

"A littafi babu. A bakin rafi akwai."

"To in tura shi."

"Jefa ƙwaya." Ya jefa. "Ya harbe ka."

"Ai lamba mai kyau na samu."

"Shi ya sa ba a baki ya same ka ba."

Auta ta gwada siddabarunta. Mai labari ya ce jakin ya dube ta ya ci gaba da tsayuwarsa. Ƙanin ya shiga lalube a waya yana neman dokar jaki, yana cewa wannan zalunci ne, mai labari ya zama gwamnati. Auta dai ta juyo tana kallona.

Na ɗauki faifaina na je na zauna a gefen tabarma.

"Mai labari, yaushe rabonsa da dusa?"

"An daɗe, Mai jaki. Tun da aka canza littafi babu wanda ya tambaya."

"Ƙafarsa fa? Ka duba min ta baya."

"Akwai ƙaya."

"To a sauke kaya," na ce. "Yau babu inda za mu."

Ƙanin ya kife wayarsa ya kwanta rigingine, yana cewa dodo zai tsufa ya mutu kafin mu iso. Na ce Allah ya ba shi haƙurin jira, na tambayi mai labari ko akwai inuwa a kusa.