Bangon Ɗakin Mai Rediyo

Tun muna hanya direba yake cika mini kunne da labarin unguwar bayan tasha. Wai an gyara ta, wai duk wanda bai ga darenta ba bai zo birnin ba. Ban gaya masa cewa a can kawuna yake zaune ba, yayan mahaifiyata, wanda kowa ke kira Mai Rediyo. Sayen kayan gyaran mota ne ya kawo ni, kuma Umma ta ja mini kunne kada in dawo ban duba shi da matarsa ba.

Na shiga layin da rana ta faɗi, sai da na koma na sake duba kwanar don na ɗauka ɓata na yi. An rufe kwatar da muke tsallakewa muna toshe hanci. An ja igiyoyin ƙananan fitilu daga bene zuwa bene. Shagon mai walda ya zama wurin shan kofi, har an rataye tsohon gilashin idonsa a bango don ado. Samari da 'yan mata sai ɗaukar hoto suke yi a jikin ƙofofin da muka sani da tsatsa. Ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni. Na zauna na sha lemo mai sanyi, na saurari wata yarinya tana waƙa da jita, har na ce a raina Kawu ya faɗo cikin daula.

Kawu ya zo layin nan yana saurayi, ya koyi gyara a wajen wani tsoho mai faɗan tsiya, sannan ya buɗe nasa shagon a ƙarƙashin matakala. Rediyo, kaset, talabijin, lasifikar makaɗa, duk abin da ke magana in ya yi shiru wajensa ake kaiwa. Ba ya karɓar aikin da bai iya ba, kuma ba ya mayar da kaya da ha'inci a ciki. Allah bai ba su haihuwa ba, shi da matarsa Inna, sai suka mai da 'ya'yan dangi nasu. Ni kaina na sha hutu a ɗakinsu, Inna na kan keken ɗinki, shi yana hura hayaƙin dalma. Da wayar hannu ta zo aiki ya ja baya. Da masu hannu da shuni suka saye layin, maƙwabta suka watse ɗaya bayan ɗaya, shagonsa ya koma wurin sayar da askirim. Ɗaki ɗaya ya rage masa a sama, ya kuma ƙi barinsa, saboda Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki, asibitin da ake yi mata gashin ƙashi kuwa yana bayan layin.

Ina kan matakala wani gidan rawa da ke manne da su ya kunna kiɗa. A ƙirjina na fara jin shi kafin kunnena.

Kawu ya buɗe ƙofa, ya rungume ni, bakinsa na motsi amma ban ji komai ba. Ya manna tsohuwar katifa da kwalayen ƙwai a bango don tare ƙara, aikin banza. Kofuna na rawa a kan kantar kwanuka, har cokali ya zame ya faɗo. Inna na kwance, idanunta jajur, ta ɗaga mini hannun da ke aiki.

Na sunkuya na yi ihu a kunnen Kawu. "Kullum haka ne?"

"Har kusan asuba," ya ce.

"To da rana fa? Tana samun barci?"

"Da rana magina ke fasa ginin baya. Likita ya ce in ba ta barci jinin ba zai sauka ba, kuma in ya sake bugunta..." Bai ƙarasa ba.

Raina ya ɓaci. Na sauka ban ko sa takalmi daidai ba, na ture wani ƙato mai tsaron ƙofa, na ce a kira mini manaja. Ya fito, yaro ne sharaf da gemu a gyare, yana ta murmushi kamar an biya shi ya yi. Na gaya masa akwai mara lafiya a bayan bangon nan. Ya ce sun sani, suna tausaya mata ƙwarai, amma suna da lasisi, kuma har abin toshe kunne sun aika mata kyauta.

"Ai Baba namu ne," ya ƙara da cewa. "Duk lasifikar da kake ji shi yake gyara mana. Ba mu da kamarsa."

Na so in kwaɗa masa mari, amma ban san wa ya fi cancanta da shi ba. Na koma sama ina huci.

"Kawu, da hannunka? Kai kake gyara abin da ke kashe ta?"

Ya sha kunu. "Rage murya, ɗan nan."

"In rage murya? A ɗakin nan?"

"Wa ke kawo rediyo yanzu? Kai za ka kawo? Maganinta daga ina kake tsammani yake fitowa?"

"To ka lalata musu ita mana! Waya ɗaya za ka tsinke, su yi mako suna nema."

Ya kalle ni kamar na zage shi. "Ban taɓa yi ba, kuma ba zan fara da furfura ba."

Haushinsa ya kama ni, da na yaron mai gemu, da na duk wanda ke tsalle a ƙasa, har da ni da na zauna ina kaɗa ƙafa da lemo a hannu. An gyara kwata, an gyara fitila, an shafa wa kowane bango fenti, amma ba wanda ya tambayi wa ke kwana a bayansa. Na zauna a bakin gado ina yi wa Inna fifita, don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Ana cikin haka kiɗan ya yi wata ƙara, ya shaƙe, ya ɗauke ɗif. Daga ƙasa aka saki ihun takaici. A ɗakin kuwa sai ƙarar agogo. Inna ta sauke ajiyar zuciya, ta lumshe ido, kafin in ajiye mafici har numfashinta ya canza, barci ya ɗauke ta. Ni da Kawu muka zuba mata ido, ba wanda ya motsa.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai tsaron ƙofar nan ne. "Baba, oga ya ce ka taimaka, lasifikar ta sake mutuwa."

Kawu ya jawo jakar kayan aikinsa daga ƙarƙashin tebur. Na miƙe na tare hanya.

"Wallahi ba inda za ka je."

"Matsa," ya ce a hankali. "In ban je ba, gobe sabuwa za su sayo, wadda ta ninka wannan, wadda ba ta lalacewa. Wannan tsohuwar ko ba komai tana hutawa."

Na matsa.

Ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya, ya sa ɗayan. Ya buɗe jakar ya duba kayan da ya san suna nan, ya rufe. A bakin ƙofa ya waiwayo ya dubi matarsa, sannan ya raɗa mini: "Na san abin da ya ƙone, aikin minti kaɗan ne. Amma ni tsoho ne, matakalar nan tana ba ni wuya, sai na jima kafin in sauka. Kada ka yi tari ka tashe ta."